Maki 100 a wasa ɗaya ba ya kai ɗan kurket tawagar ƙasa

An daɗe ana cewa da zarar mai bugu, wato ɗan kurket da ke dukan ƙwallo da sanda, ya ci maki 100 a gasar cikin gida, kiran tawagar ƙasa ya zo ke nan. Ba abin mamaki ba ne, domin irin wannan ranar ce jaridu ke yayatawa.

Amma masu zaɓen 'yan wasa kakar wasa guda suke dubawa, wani lokaci biyu ko uku. A Ingila da Wales, inda gundumomi 18 ke fafatawa, wasan gida kwana 4 ne, na ƙasa da ƙasa mai tsawo kuwa yakan kai kwana 5. Don haka ana lura da juriyar mai bugun, da yadda yake tarar jifa mai gudu da mai murɗawa, da irin filin da ya ci makin. Sau da yawa sai an gwada shi a tawaga ta biyu tukuna. Kuma ko ya cancanta, in babu gurbi sai haƙuri.

Kana iya bincikawa da kanka: raba jimillar makin mai bugu da adadin lokutan da aka fitar da shi, wato abokan hamayya suka kawo ƙarshen bugunsa, ka kwatanta kaka da kaka.

A taimaka a tura wa masu sha'awar wasan.