Zaɓen Cike Gurbi a Majalisun Dokokin Jihohin Amurka

Zaɓen cike gurbi, wanda a Amurka ake kira zaɓe na musamman, zaɓe ne da ake yi a mazaɓa guda domin maye kujerar ɗan majalisar dokokin jiha da ta zama babu kowa kafin wa'adinta ya cika. Wanda ya ci ba sabon wa'adi yake farawa ba, ragowar kwanakin wanda ya gada yake ƙarasawa. Amurka tana da jihohi 50 da zaurukan majalisa 99, domin kowace jiha tana da majalisar dattawa da ta wakilai, in ban da Nebraska da ta koma zaure ɗaya tun 1937. Kujerun duka sun haura 7,300, saboda haka babu shekarar da za ta wuce ba a samu gurabe da dama ba.

Abin da ke kawo gurbi

Rasuwa da murabus su ne kan gaba. Murabus ɗin ma galibi na neman gaba ne: wani ya ci kujerar majalisar tarayya, wani ya zama magajin gari, wani gwamna ya ba shi muƙami. A jihohi da yawa aikin majalisa ba ya riƙe mutum, don haka da an samu aiki mai gwaɓi sai a ajiye kujerar. A New Hampshire, inda majalisar wakilai ke da mutum 400, albashin ɗan majalisa dala 100 ne a shekara. Sauran dalilan sun haɗa da hukuncin kotu, kora daga majalisa, da kiranye a jihohin da dokarsu ta yarda da shi. Sauya sheƙa ba ta cikinsu: ɗan majalisar da ya bar jam'iyyarsa yana tafiya da kujerarsa.

Kowace jiha da dokarta

Kundin tsarin mulkin Amurka ya wajabta yin zaɓe idan aka samu gurbi a majalisar wakilai ta tarayya, amma bai ce komai ba game da majalisun jihohi. Kowace jiha ita ta tsara nata. Jihohi 25, wato rabi daidai, zaɓe suke yi kai tsaye. Cikinsu akwai Kalifoniya, Teksas, Filorida, Jojiya, New York, Pennsylvania, Michigan, Minnesota da Wisconsin. A sauran naɗi ake yi, ko kuma a haɗa naɗi da zaɓe.

Shi ma naɗin ba iri ɗaya ba ne. A Nebraska gwamna ne ke zaɓo wanda ya ga dama cikin waɗanda suka cika sharaɗi. A Hawaii jam'iyyar wanda ya bar kujerar ke miƙa wa gwamna sunaye uku ya ɗauki ɗaya. A Colorado da Illinois da Indiana jagororin jam'iyya na mazaɓar ne ke zama su fitar da magaji, a Ohio kuwa 'yan majalisar da suke jam'iyya ɗaya da tsohon mai kujerar ne ke kaɗa ƙuri'a a tsakaninsu. A Arizona da Oregon hukumomin gunduma ke yanke hukunci daga sunayen da jam'iyya ta kawo.

Tennessee ta haɗa biyun, kuma an ga yadda hakan ke aiki a 2023. Ranar 6 ga Afrilu majalisar wakilan jihar ta kori Justin Jones da Justin Pearson saboda zanga-zangar da suka jagoranta a cikin zauren kan batun bindigogi. Dokar jihar ta ba majalisun ƙananan hukumomi ikon naɗa na riƙo, su kuwa sai suka naɗa mutanen biyu da aka kora. Cikin mako guda duka suka koma kujerunsu, sannan suka ci zaɓen cike gurbin a watan Agusta.

Yadda ake gudanar da shi

A yawancin jihohi gwamna ne ke fitar da takardar umarnin zaɓe, ya kuma sa rana. A Kalifoniya doka ta ba shi kwana 14 daga samuwar gurbin ya yi shelar. A Pennsylvania ba gwamna ba ne, shugaban zauren da aka samu gurbin ne ke ba da umarni. A New Hampshire sai garin da abin ya shafa ya nema, sannan gwamna da majalisar zartarwar jihar su amince.

Wajen fitar da 'yan takara ma an rabu. Wasu jihohin suna yin zaɓen fitar da gwani na musamman tukuna, abin da ke ƙara makonni da kuɗi. Pennsylvania da New York kan bar wa kwamitocin jam'iyya su tsayar da mutum. Jojiya da Teksas kan zuba kowa a takardar ƙuri'a ɗaya ba tare da raba jam'iyya ba, idan babu wanda ya haura rabin ƙuri'u a je zagaye na biyu tsakanin biyun farko. Inda hali ya yi, ana haɗa ranar da wani zaɓen da dama aka tsara, domin rage wa gundumomi ɗawainiya, tunda su ne galibi ke biyan ma'aikata da buga takardu. Idan kuma gurbin ya zo gab da ƙarewar wa'adi, jihohi da dama kan bar kujerar haka nan har babban zaɓe.

Ikon sa rana

Wannan shi ne wurin da aka fi samun rikici, domin mai sa rana yana iya gaggautawa idan yana hangen nasara, ya kuma ja ƙafa idan yana jin tsoro. Labarin Wisconsin na 2018 ya isa misali. A watan Janairu, Patty Schachtner ta jam'iyyar Dimokurat ta ci zaɓen cike gurbin kujerar dattawa a mazaɓar da Donald Trump ya lashe da tazara mai faɗi a 2016. A lokacin akwai wasu kujeru biyu da babu kowa tun Disamban 2017, saboda masu su sun karɓi muƙamai a gwamnatin Scott Walker na jam'iyyar Rifablikan. Gwamnan ya ƙi kiran zaɓe, yana cewa ɓarnar kuɗi ce tunda majalisa ta kusa tashi. Aka kai ƙara, kuma alƙaliyar da ta umarce shi ya kira zaɓen a watan Maris, Josann Reynolds, shi da kansa ya naɗa ta tun farko. An yi zaɓen ranar 12 ga Yuni, jam'iyyarsa ta rasa kujerar dattawan, ta riƙe ta wakilan.

Gaggawa ma kotu kan taka mata burki. A Minnesota, zaɓen Nuwamban 2024 ya raba majalisar wakilai 67 da 67. Sai kotu ta gano cewa wani ɗan Dimokurat da ya ci ba ya zaune a mazaɓarsa, aka hana shi kujerar, lissafi ya koma 67 da 66. Gwamna Tim Walz ya sa zaɓe a ƙarshen Janairun 2025, kotun ƙolin jihar ta ce ya yi riga malam masallaci, ta soke ranar. 'Yan Dimokurat suka ƙaurace wa zaure na makonni don kada a samu adadin da ake bukata a yi zama, har aka daidaita kan raba iko a Fabrairu. Zaɓen 11 ga Maris ya mayar da kunnen doki. Bayan wata uku aka harbe tsohuwar kakakin majalisar, Melissa Hortman, da mijinta a gidansu, aka sake yin wani zaɓen cike gurbi a Satumba.

Kujera ɗaya, majalisa guda

Mutane ba sa fitowa sosai a irin wannan zaɓe. Sau da yawa 'yan dubban ƙuri'u ne ke raba gardama, a ƙananan mazaɓun New Hampshire ma wani lokaci 'yan ɗaruruwa. Amma inda rinjaye ya yi siriri, waɗannan ƙuri'un su ne ke nuna jam'iyyar da za ta fitar da kakaki, ta shugabanci kwamitoci, ta tsara abin da za a tattauna.

Pennsylvania ta ɗanɗana haka. A Nuwamban 2022 'yan Dimokurat sun ci kujeru 102 cikin 203, amma uku daga ciki babu kowa a kansu: Tony DeLuca ya rasu wata guda kafin zaɓe, sunansa bai fita daga takardar ƙuri'a ba kuma ya ci, Summer Lee ta wuce majalisar tarayya, Austin Davis ya zama mataimakin gwamna. Kowace jam'iyya ta ce ita ce mai rinjaye, har suka yi jayayya kan wanda ke da hurumin sa ranar zaɓukan. Sai da 'yan Dimokurat suka ci ukun ranar 7 ga Fabrairun 2023 sannan Joanna McClinton ta zama kakaki, mace ta farko a tarihin majalisar. A Michigan, 'yan majalisa biyu da suka zama magadan gari a ƙarshen 2023 sun bar zauren 54 da 54 har Afrilun 2024. A jihar Washington kuwa nasarar Manka Dhingra a zaɓen cike gurbi na Nuwamban 2017 ce ta juya majalisar dattawa gaba ɗaya zuwa hannun Dimokurat.

Masu nazarin siyasa kan auna sakamakon waɗannan zaɓuka da na shugaban ƙasa a mazaɓar, su ce ga inda iska ke kaɗawa. Awon yana da amfani idan aka tara zaɓuka da yawa, kamar na 2017 da 2018 da suka nuna alamar nasarar da 'yan Dimokurat suka samu a zaɓen tsakiyar wa'adin shugaban ƙasa na Nuwamban 2018. Zaɓe ɗaya kuwa ba hujja ba ne, domin masu fitowa su ne 'yan ga-ni-kashe-nin siyasa, ba su ne hoton jama'ar da ke fitowa a babban zaɓe ba.

Zaɓe ko naɗi

Masu goyon bayan zaɓe suna cewa wakili na jama'a ne, bai kamata 'yan kwamiti kaɗan su fitar da shi a ɗaki ba, musamman da yake wanda aka naɗa yakan shiga zaɓe na gaba da ƙarfin mai riƙe da kujera. Masu goyon bayan naɗi suna duba kuɗi da lokaci: a jihar da majalisa ke zama wata biyu ko uku kacal a shekara, kafin a gama shirin zaɓe an tashi, mazaɓar ta yi shekara ba mai magana da yawunta. Suna kuma cewa naɗi daga jam'iyyar tsohon mai kujera yana kiyaye abin da jama'a suka zaɓa a babban zaɓe. Illar naɗin ita ce yana buɗe ƙofar dabara, inda ɗan majalisa zai yi murabus da gangan kafin wa'adi don a ɗora wanda yake so.

Bambanci da Najeriya

Najeriya ta ɗauko tsarin shugaban ƙasa daga Amurka a 1979, amma a wannan batu ba ta bi ta ba. Doka ɗaya ce ga majalisun jihohi 36, babu naɗi, kuma hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ita ke sa rana bayan kakakin majalisa ya sanar da ita gurbin, ba gwamna ba. Sashe na 109 na kundin 1999 ya lissafa abubuwan da ke raba ɗan majalisar jiha da kujerarsa, har da sauya sheƙa idan babu rabuwar kai a jam'iyyar da ta tsayar da shi. INEC takan tara gurabe ta yi su rana ɗaya, kamar ranar 16 ga Agustan 2025, lokacin da aka yi na mazaɓar Bagwai da Shanono a Kano, da na Zariya Kewaye da Basawa a Kaduna, tare da wasu kujerun majalisar tarayya.