Don Allah a daina haƙa masai a gindin rijiya

Jama'ar Marwa, abin nan ya ishe ni. Gida bayan gida nake shiga duba rijiyoyi, sai in tarar da masai a gefen rijiya, ko taku goma babu a tsakani. In na yi magana, maigida ya ce, "Ai malam, filin ne ya yi kaɗan, kuma ga ruwan nan garau." To garau ɗin nan ne yake ruɗin ku!

Fitsari da bayan gida cike suke da sinadarin naitirojin. In ya tsiyaya cikin ƙasa sai ya zama naitiret, wanda ba launi, ba wari, ba ɗanɗano. A manyan matatun ruwan ƙazanta, sai an hura iska cikin tankuna, a kuma tura ruwan inda babu iska, kafin ƙananan ƙwayoyin halitta su raba shi da wannan sinadari. Ƙwayoyin suna da nawa, shi ya sa kullum injiniyoyi ke neman dabarar gaggauta su. Kai da ba ka da tanki ba ka da inji, tazara kaɗai ce gatanka, ita ma ka hana.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada naitiret ya wuce miligiram 50 a litar ruwan sha. Jariri ɗan ƙasa da wata 6, in ana dama masa madarar gwangwani da irin wannan ruwa, sai ka ga leɓɓansa da faratansa sun yi shuɗi, numfashi sama-sama. Uwa ta ce ai ta tafasa. Sannu 'yar uwa, kin yi ƙoƙari, ki ci gaba da tafasawa saboda ƙwayoyin cuta, amma wuta ba ta fitar da naitiret. Ruwan jabel, wato bilicin da ake ɗigawa a ruwa don kashe ƙwayoyin cuta, shi ma haka.

Da damina kuwa, in kogin Mayo Kaliyawo ya kawo, ruwan ƙasa ya taso, masai da rijiya sai su haɗe. Mun manta kwalarar 2010 ne? Amma har yau ana kiran mai haƙa ana nuna masa gindin rijiya!

A bar mita 30 tsakani, wajen taku 40 ke nan, har da masan maƙwabci. Masai ya zauna ta gangare, rijiya ta tudu. Gindin ramin masai ya tsaya mita 1.5 sama da ruwan ƙasa. In fili bai kai ba, ruwan rijiyar ya tsaya a wanki, na sha a ɗebo a famfo. Jariri nono zalla har wata 6. In kun ga leɓɓansa sun sauya, asibiti nan take, kada a jira gari ya waye.