Gaggauta ƙera samfurin kayan gani

Gaggauta ƙera samfuri hanya ce ta fitar da kwafin gwaji kai tsaye daga zanen kwamfuta, ba sai an jira ƙera mazubi ba. A fannin kayan gani, wato ruwan tabarau, madubai da makamantansu, aikin ya rabu biyu: ƙwanson da ke riƙe kayan, da sashen da haske ke ratsawa. Na biyun ne mai wuya, domin zangon hasken da ido ke gani yana tsakanin nanomita 400 da 700 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita), kuma 'yar gargada kaɗan ta isa ta tarwatsa shi.

Tarihi

Tun kusan shekarun 1960 ake sassaƙa madubai da tsinin daimon, wanda ke fitar da fuska sumul a jikin alminiyom, tagulla ko roba. A 1981 Hideo Kodama na Nagoya a Japan ya bayyana yadda za a daskarar da ruwan roba da haske, hawa bisa hawa, har siffar abin da ake so ta fito, wato bugun 3D. Chuck Hull na Amurka ya samu haƙƙin mallakar irin wannan fasaha a 1986, ya kafa kamfanin 3D Systems. Ana taƙaddama kan wanda ya riga, har da wasu Faransawa da suka nemi nasu haƙƙin a 1984.

Injinan bugu na farko ba su yi wa ruwan tabarau amfani ba, saboda kowane hawa kan bar tabo tamkar matakala. A 1997 Shoji Maruo da abokan aikinsa a Jami'ar Osaka suka nuna cewa leza, wato siririn haske mai ƙarfi, na iya daskarar da ɗigo guda tal a tsakiyar ruwan robar. Da wannan dabara masu bincike a Jami'ar Stuttgart ta Jamus suka buga ruwan tabarau a bakin zaren gilashi mai ɗaukar haske a 2016, faɗinsa bai fi na gashin kai sosai ba. A 2017 wata tawaga a Karlsruhe ta Jamus ta buga gilashi garau daga garin silika, sinadarin da ke cikin yashi, ta gasa shi a zafin digiri 1,300 a ma'aunin Celsius.

Haɗa kaya

Ƙwanso da maƙalai akan buga su da zaren roba narkakke ko garin nailan, a gwada zamansu kafin a kashe kuɗi kan ƙarfe. Ana fifita baƙar roba don ta shanye hasken da ya kauce hanya.

Amfani a yau

Fitilun mota, na'urorin leƙa cikin jiki da tabarau. Samfurin da aka buga yawanci sai an goge fuskarsa ko an yi mata shafe don ta yi sumul.