Inci Ɗaya Na Iya Kai Mutum Kurkuku: Tambayoyi Kan Tsawon Bindiga a Dokar Amurka

Da gaske ne tsawon bindiga kaɗai na sauya matsayinta a gaban doka?

Ƙwarai kuwa. Dokar tarayya ta shekarar 1934 ta ware wasu nau'o'in bindigogi, ta ce sai da rajista da haraji za a mallake su. A yadda dokar take bayan gyare-gyaren da aka yi mata, doguwar bindigar da ake ɗorawa a kafaɗa, idan bututunta bai kai inci 16 ba, ta faɗa wannan rukuni. Bindigar farauta mai watsa ƙwayoyin dalma kuwa, iyakarta inci 18 ne. Haka kuma duk wadda aka yi daga ɗayan waɗannan biyun, idan tsawonta gaba ɗaya bai kai inci 26 ba, ita ma ta shiga. Wanda aka kama da irinta babu rajista yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara 10, ko da bai taɓa harba ta ba.

To me ya sa aka damu da gajeriyar bindiga haka?

Saboda ɓoyo. A zamanin da aka haramta giya a Amurka, gungun 'yan daba sun addabi birane da bindigogin da ke shiga ƙarƙashin kwat. Kisan mutum bakwai da aka yi a Chicago a watan Fabrairun 1929 ya tayar wa jama'a hankali, kuma yana cikin abubuwan da suka share wa dokar hanya. Aka ɗora harajin dala 200 a kan kowace irin wannan bindiga, kuɗin da a lokacin ya fi ƙarfin talaka nesa ba kusa ba.

Sai dai akwai wani tarihi da ya kamata a sani. Daftarin farko ya haɗa har da ƙananan bindigogin hannu, kuma an sa iyakar tsawon ne don kada mutum ya yanke doguwa ya mayar da ita ƙarama ya kauce wa doka. Kafin majalisa ta zartar, sai aka cire ƙananan bindigogin, aka bar iyakar. Shi ya sa yau fistol da ke shiga aljihu ba ta cikin wannan rukuni, amma doguwar da aka rage wa inci ɗaya tana ciki. A ganina wannan giɓi ne babba, kuma shi ne tushen yawancin rigimar da ake yi har gobe.

Yaya ake auna bututun?

Ana rufe mazaunin harsashi, a zura sanda daga baki har ta tsaya, a auna. Abin da aka maƙala a baki ba ya shiga lissafi sai idan an like shi dindindin.

An taɓa samun wanda wannan ya jefa cikin masifa?

Labarin Randy Weaver ya isa misali. A 1989 ya sayar wa wani mai kai wa hukuma rahoto bindigogin farauta biyu da aka gajarta. Da aka tuhume shi, bai bayyana a kotu ba, lamarin ya yi ta girma har jami'an tarayya suka kewaye gidansa a Ruby Ridge, jihar Idaho, a watan Agustan 1992. Ɗansa mai shekara 14 ya mutu, matarsa Vicki ta mutu, haka ma jami'i guda. Daga baya masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke shi daga tuhumar bindigogin. Rayuka uku suka salwanta a kan maganar da ta faro daga tsawon bututu. Tun kafin wannan, a 1939, Kotun Ƙoli ta tabbatar da dokar a shari'ar Miller, ita ma a kan gajeriyar bindigar farauta.

Ban da yanke bututu, wane gyara ne ke sauya matsayin bindiga?

Gindin da ake tokarawa a kafaɗa. Idan aka sa wa fistol mai gajeren bututu shi, a idon doka ta koma gajeriyar bindigar kafaɗa, sai rajista. Nan ne aka yi ta jan igiya a kan wani maɗauri da aka ƙera don naƙasassu su riƙa ɗaure bindiga a hannu. Hukumar ATF, mai kula da harkar bindigogi, ta amince da shi a 2012. Da ta ga mutane na tokara shi a kafaɗa, sai a Janairun 2023 ta fito da ƙa'idar da ta mayar da yawancin irin waɗannan bindigogi cikin rukunin rajista. Kotun tarayya a Texas ta soke ƙa'idar a 2024.

Haka aka yi da wani gindi da ke sa bindiga ta riƙa aman wuta da sauri, wanda maharin Las Vegas ya yi amfani da shi a 2017. Gwamnati ta sa shi a sahun bindigogi masu sarrafa kansu, amma a Yunin 2024 Kotun Ƙoli, alƙalai shida a kan uku, ta ce ma'anar da doka ta bayar ba ta kama shi ba, domin kowane harbi yana buƙatar kunama ta sake motsawa. Abin da ke damuna shi ne mutum ya sayi kaya da izinin hukuma, ya wayi gari an ce masa mai laifi ne, alhali majalisa ba ta sauya ko harafi ɗaya ba. Gyaran doka aikin majalisa ne, kuma ta daɗe tana noƙewa.

Harajin dala 200 na nan har yanzu?

Dokar da aka sa wa hannu a Yulin 2025 ta sauke shi zuwa sifiri a kan gajerun bindigogi da na'urar rage ƙara, daga Janairun 2026. Dokar dai ba ta soke rajistar ba, kuma wasu jihohi sun hana mallakarsu ɗungurungum.

Amurka kaɗai ke wannan awo?

A'a. A Birtaniya, bututun bindigar farauta sai ya kai inci 24 kafin ta shiga rukunin lasisi mai sauƙi. Bayan kisan 'yan makaranta a Dunblane a 1996, an haramta kusan duk bindigar da bututunta bai kai santimita 30 ba, ko tsawonta bai kai santimita 60 ba. Dokar bindigogi ta Nijeriya ta 1959 ita ma ta hana gajarta bututun bindigar farauta ƙasa da inci 20, kuma ta sa fistol a cikin waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa ake riƙe su.