Ma'anar Thrill-power, Ma'aunin Ingancin Labari a Mujallar 2000 AD

Thrill-power kalma ce da masu karanta mujallar 2000 AD ta ƙasar Birtaniya suke amfani da ita a duk lokacin da suke tattauna ingancin labaran da mujallar take fitarwa. Mujallar ta ƙagaggun labaran kimiyya ce waɗanda ake bayar da su cikin zane, kuma tana fitowa mako-mako tun daga watan Fabrairun 1977. Abin da kalmar take nufi shi ne ƙarfin da labari yake da shi na kama zuciyar mai karatu tun daga shafin farko, ya girgiza shi, sannan ya bar shi yana ɗokin fitowar mako mai zuwa. Idan makaranci ya ce fitowar wannan makon cike take da wannan ƙarfi, to ya yaba mata matuƙar yabo, idan kuwa ya ce ƙarfin ya yi ƙaranci, to yana nufin labaran sun yi sanyi ko da zanensu ya ƙayatar.

Da wasa aka soma kalmar. Tun daga fitowar farko, mujallar ta gabatar da wani ƙagaggen edita mai suna Tharg, baƙo mai koriyar fata wanda aka ce ya zo duniyarmu daga yankin tauraron Betelgeuse, kuma shi ne yake yi wa masu karatu jawabi a shafin farko har zuwa yau. Tharg yana kiran marubuta da masu zane butum-butumai masu yi masa aiki, yana kiran kowace fitowa prog, kuma yana magana a kan Thrill-power tamkar wani makamashi ne da ake iya aunawa, wanda idan ya yi yawa zai fi ƙarfin kwanyar ɗan Adam. Har wasu ƙananan ƙwari aka ƙirƙiro waɗanda aka ce suna tsotse wannan makamashi daga jikin mujallar. Duk wannan dabarar talla ce don jan hankalin yara maza masu sayen mujallar a kan fene 8 a wancan lokaci. Sai dai yaran sun girma ba su saki mujallar ba, kalmar kuma ta girma tare da su har ta zama ma'aunin da suke yi wa labari hukunci da shi, ta yadda David Bishop, wanda ya taɓa riƙe kujerar edita, ya sa ta a cikin sunan littafin da ya rubuta na tarihin mujallar.

Ba za a fahimci ma'aunin ba sai an fahimci tsarin mujallar. Ba labari ɗaya take ɗauka ba kamar yadda yawancin mujallun zane na Amurka suke yi. A cikin shafuka 32 akan samu labarai biyar, kowanne da marubucinsa da mai zanensa da duniyarsa, kuma kowanne yakan samu shafi biyar ko shida ne kacal a mako. Wani labarin yakan ƙare a fitowa ɗaya, wani ya ɗauki makonni goma ko fiye, ya huta, sannan ya dawo bayan watanni. Wannan ƙuncin fili shi ne tushen komai. Marubucin da aka ba shafi shida ba shi da damar yin doguwar shimfiɗa. Dole ne a cikin waɗannan shafuka ya tuna wa mai karatu inda aka tsaya, ya ciyar da labarin gaba, ya nuna wani abu da ba a taɓa gani ba, sannan ya katse a daidai wurin da zai sa a ƙagu. Kashin da ya kasa yin haka, an yi asarar mako guda ke nan, domin sai bayan kwana bakwai za a sake haɗuwa.

Wanda ya kafa wannan salo shi ne Pat Mills, editan farko. Kafin nan ya ƙirƙiro wa kamfanin IPC wata mujallar yara mai suna Action a 1976, wadda aka janye daga kasuwa a watan Oktoban shekarar saboda ƙorafin da aka yi ta yi a kan yawan tashin hankalin da ke cikinta. Wani ma'aikacin kamfanin, Kelvin Gosnell, shi ne ya kawo shawarar a fitar da mujallar labaran kimiyya domin ya lura cewa finafinan irin wannan fanni suna tafe daga Amurka. Mills ya ɗauko zafin nan na Action ya mayar da shi duniyar gobe, inda abin da ake sara ko ake harbi yawanci butum-butumi ne ko dodo, don haka masu ƙorafi ba su samu abin kamawa sosai ba. A fitowar farko akwai labarin mutanen wani zamani mai zuwa da suke komawa can baya suna kiwon manyan dabbobin da suka shuɗe don su yanka su ci, akwai kuma labarin mamayar da wata ƙasa ta yi wa Birtaniya. Tunani ne mai ban mamaki, a faɗe shi cikin hanzari, ba tare da ɓata shafi ba.

Kuskuren da baƙon mujallar yakan yi shi ne ya ɗauka Thrill-power yawan harbe-harbe da fashe-fashe ne. Labarin Judge Dredd ya isa ya nuna cewa abin ya wuce haka. John Wagner ne ya ƙirƙiro shi tare da mai zane ɗan ƙasar Sifaniya, Carlos Ezquerra, kuma ya fara bayyana a fitowa ta biyu. Dredd ɗan sanda ne, alƙali ne, kuma shi ne mai zartar da hukunci a wani ƙaton birni na nan gaba da ake kira Mega-City One, amma abin da ya riƙe labarin shekara da shekaru shi ne yadda yake tona asirin mulkin danniya da haukar rayuwar birni. Wani makon ya zo da ban dariya, wani makon da ban tsoro, wani makon kuma ya sa mai karatu ya tambayi kansa dalilin da ya sa yake goyon bayan mutumin da ke ɗaure talaka a kan ƙaramin laifi. An fara labarin a shekarar 2099 ta cikin ƙage, kuma duk shekarar da ta wuce a duniyarmu ita ma tana wucewa a can, saboda haka Dredd yana tsufa, abin da ya aikata a baya kuma yana bin sa. Wannan nauyin tarihi wani ɓangare ne na ƙarfin da ake magana a kai.

Misali mafi bayyana shi ne labarin Halo Jones, wanda Alan Moore ya rubuta, Ian Gibson ya zana, aka fara shi a 1984. A farkon labarin jarumar ba soja ba ce, ba ta da wata baiwa, budurwa ce marar aikin yi da take neman hanyar fita daga unguwar da aka cushe talakawa, kuma babban abin da ya faru a sashe mai yawa na littafin farko shi ne fita cefane. Da farko bai samu karɓuwa sosai ba a wurin yaran da suka saba da faɗa, amma a yau ana lissafa shi cikin mafi kyawun abin da mujallar ta taɓa bugawa. A ganina wannan ya nuna cewa ra'ayin da masu karatu suka nuna a mako guda bai isa ya yanke wa labari hukunci ba, kuma editan da ya dogara da shi kaɗai zai kashe abin da ya fi daraja a hannunsa.

Akwai kuma gajerun labaran nan da ake kira Future Shocks, waɗanda aka fara a 1977. Kowanne yakan cika a shafuka kaɗan, ya ƙare da juyin da ba a zata ba, kuma ta nan ake gwada sababbin marubuta da masu zane. Alan Moore da Grant Morrison da Neil Gaiman duk sun rubuta su kafin sunansu ya zaga duniya. Da yawa daga cikin waɗannan labarai ba su da wani armashi, kuma masu karatu sukan hango ƙarshensu tun daga shafin farko, amma babu wata makaranta da ta fi su koya wa marubuci tsumulmular kalma.

Daga nan ne ake samun muhawarar da ba ta ƙarewa a tsakanin masu karatu, wato ko da labari ɗaya za a auna fitowa ko da dukkan biyar ɗin. Da wuya a samu makon da labarai biyar za su gamsar da mutum ɗaya, domin abincin wani gubar wani, kuma labarin da wannan ya tsallake shi ne wancan ya sayi mujallar dominsa. Aikin edita shi ne haɗi: kada labarai biyu masu kama da juna su zo tare, kada zane mai duhu ya biyo zane mai duhu, a sa mai nauyi kusa da mai sauƙi, a sa tsohon jarumi ya riƙe wa sabo hannu har ya tsaya da ƙafarsa. Ina ganin labari ɗaya mai rauni a cikin biyar ba alamar lalacewa ba ne. Shi ne kuɗin da ake biya don a ci gaba da gwaji, kuma mujallar da ba ta taɓa buga abin da ya faɗi ba, to ta daina gwada sabon abu. Abin tsoro shi ne makon da labarai biyar duka za su zo tsaka-tsaki, babu mai ɓata rai, babu kuma wanda za a tuna.

Mujallar ta ɗanɗani irin wannan hali. Yawancin tsofaffin masu karatu suna kallon farkon shekarun 1980 a matsayin lokacin da ƙarfin ya kai ƙololuwa, sa'ad da labaran Strontium Dog da Rogue Trooper da Nemesis the Warlock da Sláine suke fitowa kusa da juna, suna kuma kallon wani sashe na shekarun 1990 a matsayin lokacin koma-baya. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Kamfanin ne yake mallakar duk abin da aka ƙirƙira, marubuci da mai zane kuwa sai kuɗin shafi, don haka da kamfanonin Amurka suka zo da tayi mafi tsoka, manyan hannaye irin su Moore da Brian Bolland da Dave Gibbons suka tafi. Halo Jones ma a littafi na uku ya tsaya a 1986 saboda saɓani a kan haƙƙin mallaka, alhali an tsara zai kai tara. Ta fuskar zane kuma, bayan Simon Bisley ya burge kowa da zanen fenti a labarin Sláine a 1989, sai masu kwaikwayo suka cika shafuka da fenti mai duhu wanda ido ba ya iya bin abin da ke faruwa a cikinsa. Zanen da ya yi kyau a bango amma ya kasa ba da labari, rage ƙarfi yake yi. Al'amura sun daidaita bayan kamfanin Rebellion, mai yin wasannin kwamfuta a birnin Oxford, ya sayi mujallar a shekarar 2000, Matt Smith kuma ya zama edita a 2002, har aka kai fitowa ta 2000 a 2016.

Ƙalubalen yanzu na daban ne. Kusan duk labarin da ya yi nasara ana tattara shi a buga shi littafi guda, wannan kuwa yana jarrabar marubuci ya rubuta don mai karanta littafin a zama ɗaya, ya manta da mai jiran shafi shida a ranar Laraba, sai a samu kashi biyu ko uku a jere da babu abin da ya motsa a cikinsu. Amma tafiyar sannu ita kanta ba aibi ba ce. Labarin Brink na Dan Abnett da I.N.J. Culbard, wanda aka fara a 2016, yana bin wata mai binciken laifi a matsugunan sararin samaniya bayan 'yan Adam sun bar duniya, kuma yawancin shafukansa mutane ne suke magana a cikin ɗakuna, ba tare da an harba bindiga ba. Duk da haka masu karatu da yawa suna sa shi a sahun gaba, domin kowane kashi yana ƙara wani ɗan bayani da yake sauya yadda ake kallon abin da ya gabata, kuma fargabar da ke cikinsa tana ƙaruwa daga mako zuwa mako.