Gyaran zuciya da ƙwayoyin tushe: gwaji a kan birai

Gyaran zuciya da ƙwayoyin tushe (ƙwayoyin jiki da ke iya rikiɗa su zama ƙwayoyi iri-iri, har da na tsokar zuciya) reshe ne na binciken likitanci da ke neman cike gurbin tsokar zuciyar da ta mutu da sabuwa, wadda aka raina a ɗakin gwaji. Idan jijiyar da ke kai wa zuciya jini ta toshe, ƙwayoyin tsoka da suka kai biliyan ɗaya na iya mutuwa, tabo ya zauna a wurinsu. Tabo kuwa ba ya matsewa, ba ya tura jini. Abin da zuciyar babban mutum ke sabuntawa da kanta bai wuce kashi 1 cikin 100 a shekara ba, don haka ɓarnar takan dawwama har zuciya ta gaza.

An daɗe ana gwaji a kan ɓeraye, amma zuciyar ɓera tana bugawa fiye da sau 500 a minti, ta birin makak kuwa ɗari da ɗoriya, kusa da ta mutum.

A 2014 Charles Murry da abokan aikinsa na Jami'ar Washington a Amurka suka wallafa sakamakonsu a mujallar Nature. Sun toshe wa birai jijiyar zuciya na minti 90, bayan mako biyu suka yi musu allurar ƙwayoyin tsoka biliyan ɗaya da aka samo daga ƙwayoyin tushen tayin ɗan Adam. Dashen ya kama, jijiyoyin jinin birin suka ratsa shi. An sa wa ƙwayoyin wani sinadari mai walƙiya duk sa'ad da suka matse, sai aka ga walƙiyar tana tafiya daidai da bugun zuciyar birin. Sai dai duk birin da aka yi wa dashen ya sami rikicewar bugu, abin da bai bayyana a ƙananan dabbobi ba. Wannan ne darasi mafi daraja a binciken, domin a jikin majiyyaci irin wannan rikici na iya kisa. Dalilinsa, sababbin ƙwayoyin ba su gama girma ba, suna tayar da bugu na ƙashin kansu.

A 2016 Yuji Shiba na Jami'ar Shinshu a Japan ya yi amfani da ƙwayoyin fatar wani biri da aka mayar ƙwayoyin tushe, bisa dabarar da ta sa Shinya Yamanaka ya sami kyautar Nobel a 2012. Da taimakon magungunan danne garkuwar jiki, dashen ya yi mako 12 jiki bai ƙi shi ba, ƙarfin zuciya ya ƙaru, amma rikicewar bugun ta sake ɓulla na ɗan lokaci. A 2018 ƙungiyar Murry ta nuna cewa ƙwayoyi miliyan 750 sun farfaɗo da ƙarfin tura jini sosai cikin wata uku.

Masana a Gottingen ta Jamus, ƙarƙashin Wolfram-Hubertus Zimmermann, sun bi wata hanya: maimakon allura, sai su ɗinka facin tsoka a jikin zuciya ta waje. Rahotonsu na 2025 ya nuna facin ya zauna a jikin birai har wata shida, bangon zuciya ya yi kauri, ba rikicewar bugu, ba ƙari irin na ciwon daji. Da wannan hujja, tun kafin a wallafa rahoton, aka ba da izinin gwada facin a kan masu matsananciyar gazawar zuciya, gwajin da aka fara tun 2021.