“Hoto bai nuna komai ba” ba ya nufin tsoka lafiya take

An daɗe ana faɗa a nan Kaduna, daga Kawo har Rigasa, cewa idan aka ɗauki mutum hoto a asibiti ba a ga komai ba, to ciwon ba na asibiti ba ne. Ba laifin kowa ba ne, domin kowane irin gwajin da ke haska cikin jiki “hoto” muke ce masa.

Eksire, wanda aka fi yi, ƙashi yake nunawa sosai, tsoka kuwa sai inuwa-inuwa. Akwai cututtukan da garkuwar jiki ke juyowa ta far wa tsoka, ta kumbura daga ciki. Mai su yakan kasa tashi daga tabarma bayan sallah, ko hawa bene, ko ɗaga hannu don ɗaura ɗankwali, yawanci dama da hagu lokaci guda. Wasu har da ƙuraje a fatar ido da bayan yatsu. Duk da haka eksirensa zai iya fitowa tsaf.

Hoton MRI ne ke nuna wannan kumburin. Da maganaɗisu yake aiki, yana bayyana ruwan da ya taru cikin tsoka, har ya nuna wa likita inda zai tsakuri ɗan nama a auna. Shi ma ba ya yanke hukunci shi kaɗai, sai an haɗa da gwajin jini na CK, sinadarin da ke ƙaruwa idan tsoka ta lalace.

Ku duba takardar sakamakonku: wane irin hoto ne, na wane sashen jiki? Ku tambayi likita ko yana nuna tsoka.

Don Allah a tura wa ’yan uwa.